Daga Kwangwalam Zuwa Duwatsun Azbin A Kan Keke

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa zuwa Kwangwalam ya san titin da ya taso daga Kano, ya bi ta Daura, ya shiga ƙasar Nijar. Amma ba kowa ya san inda ya nufa ba. Titin nan ya bi ta Matamaye, da Damagaram, da Tanut, da Agadas, har Aljeriya. Dattawan bakin iyaka sun ce a shekarun 1970 da 1980 sukan ga Turawa masu yawon buɗe ido suna wucewa, yawancinsu a mota, jefi-jefi kuma a kan keke, da tanti da tukunya a ɗaure a baya.

Ni dai keke abokin aikina ne, shi ke kai ni ƙauyuka. Na taɓa tuƙa shi daga Kwangwalam har Damagaram cikin kwana 2. Ƙasar a shimfiɗe take kamar tamu, amma tsidau ya huda mini taya sau 3 domin na sauka daga titi neman inuwa. Tun daga ranar ba na fita sai da famfo, da faci, da sifana.

Tafiyar gaske tana farawa ne bayan Damagaram. Daga can zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, rijiyoyi kuwa nesa da juna. Nan ne mai keke yake shiga lissafi: kowace lita ta ruwa kilo 1 ce. In ya ɗauki lita 15, ya aza wa kekensa kilo 15 ke nan, ban da gari da bargo. In ya rage ruwa ƙishirwa ta kama shi, in ya ƙara yashi ya riƙe taya. Saboda haka sai da hunturu ake yin wannan tafiya, a fita da asuba, a huta da tsakar rana.

Arewa da Agadas duwatsun Azbin suke, ƙasar Buzaye. Mafi tsawonsu yana kan tudun Bagzan, mita 2,022. Hanya takan ratsa tsakanin duwatsu biyu, ta hau, ta gangara cikin kwari. A hawa sau da yawa sai an sauka an tura. Gangara ta fi haɗari, gama keke mai kaya ba ya jin birki da wuri. Wurin kwana kuma yana da ƙa'ida: ba a kafa tanti a cikin busasshiyar ƙorama, kome laushin yashinta. Ruwa yakan sauka a kan dutse can nesa, ya iso da dare ba sallama. Irin ruwan nan ne ya rushe gidaje masu yawa a Agadas a watan Satumba na 2009. Sanyin dare kuwa, na Daura wasa ne.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na malamin gona shi ne lambunan da ke cikin kwarurrukan nan. A Timiya ana noman lemo, da rumman, da dabino. A Tabelot albasa ce, har ana fitar da ita a manyan motoci zuwa kudu. Tun kafin zuwan injin ban ruwa, raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya, ruwan ya zube a kwami, ya bi ƙananan hanyoyi zuwa kowane fangali. Ƙasa ce da ruwan samanta bai kai rabin namu ba. Mu da ke barin fadama a bushe da rani, sai mu duba.

Yau dai da wuya a ga irin waɗancan baƙi. Tawayen Azbin na 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da satar mutane da ta biyo baya, sun kashe yawon. Iyakar Kwangwalam kanta an rufe ta a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Samarin ƙungiyarmu da ke sha'awar gwada ƙafarsu, shawarata su tsaya a Damagaram, su tafi su 3 ko 4, da takardunsu a aljihu.