Na'urar Hoton Ciki Ta Fara Auna Mabiyiya

Mu dai a gidajenmu, da mace ta sauka lafiya sai ungozoma ta wanke mabiyiya a binne, ba mai sake tuna ta. Alhali kuwa wannan tsoka mai nauyin kamar rabin kilo ita ce ke ci da jariri, ita ke ba shi iska tsawon wata tara. In ta gaza, sai yaro ya tsumbure a ciki, ko uwa ta kamu da hawan jinin nan mai kaiwa ga jijjiga.

To, yaya likita zai gane ta gaza tun ciki bai tsufa ba? Tun 1958 Dokta Ian Donald na Glasgow ya nuna ana iya leƙa ciki da sautin da kunne ba ya ji. A 1979 kuma Dokta Peter Grannum a Amurka ya kasa kamannin mabiyiya aji huɗu, daga 0 zuwa 3. Amma duk da ido ake yin hukuncin. Mu malamai mun san wannan matsala: ba mutum biyu insha'i ɗaya su duba, kowa da makin da zai ba shi. Lissafi kuwa ba gardama.

Sabuwar dabarar lissafin take nema. Maimakon na'ura ta mai da amon da ya dawo hoto kawai, sai kwamfuta ta auna shi: nawa ƙarfin sautin ya ragu da ya ratsa naman, nawa kuma ya warwatsu ya komo. Nama mai lafiya da wanda ya taurare ko jini ya daina kai masa ba sa mai da amo iri ɗaya. An riga an ci moriyar irin wannan awo wajen gane kitse a hanta. A Jami'ar British Columbia ta Kanada an gwada shi a kan mabiyiyar matan da suka haihu, ana kwatanta ta masu hawan jini da ta masu lafiya.

Kada mai karatu ya je asibiti gobe ya ce a yi wa maiɗakinsa, don abin yana hannun masu bincike tukuna. Wanda ke akwai shi ne hoton da aka saba, mai nuna inda mabiyiya ta kwanta, ko ta tare bakin mahaifa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi shi sau ɗaya kafin mako na 24.