Daga kilomita 10 zuwa kilomita 21

Da sassafe, bayan sallar asuba, ana ganin mutane suna gudu a hanyar bakin kogi ta Yantala, kusa da garaken da ake noman salati da kabeji. Ba wani abu ke korarsu ba. Cikinsu akwai sojoji da ɗalibai, akwai kuma magidanta: wani tela ne, wani ma'aikacin likita, wani mushen lakwal. Ba a biyansu ko dala. Da sun gama sai su koma gida su yi wanka, su kai yara lakwal, su wuce wurin aiki.

A ce ɗaya daga cikinsu ya saba gudun kilomita 10. Yanzu yana son ya shiga tseren kilomita 21, wanda ake kira rabin maraton. Me zai yi?

Bari mu fara da sanin tsawon. Cikakken maraton kilomita 42 ne da mita 195. Sunan ya fito daga wani gari na ƙasar Girka mai suna Maraton. An fara wannan tsere a wasannin Olampik na birnin Atina a 1896, amma tsawon da ake amfani da shi yau na wasannin Landan ne na 1908. Rabinsa kilomita 21 ne da kusan mita 100. Kun san hanyar gudu ta babban filin wasa na Janar Seyni Kunce: kewaye ɗaya mita 400 ne. Wanda zai yi rabin maraton a can sai ya kewaya kusan sau 53. Mai cikakken maraton kuwa, sau 105 da ɗan ƙari.

Mutuminmu yana cin kilomita ɗaya cikin minti 6. Ke nan kilomita 10 awa ɗaya ce. Kilomita 21 za su ɗauke shi awa biyu da minti 6, in bai rage sauri ba. To amma zai rage, don jiki ba mota ba ne.

Ga abin da ke faruwa cikin jiki. In mutum yana gudu, naman ƙafafunsa yana buƙatar iska da abinci, kuma jini ne ke kai su. Shi ya sa zuciya ke bugawa da sauri. Zuciyar babban mutum da ke zaune tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ta wanda ya daɗe yana gudu ta fi ƙarfi, bugu ɗaya yana tura jini mai yawa, har takan sauka zuwa 50 in yana hutawa. Zuciya da huhu suna sabawa cikin ƴan makonni. Jijiyoyi da ƙasusuwa su ne masu nawa, sai an yi watanni. Nan ne masu gaggawa ke jin ciwo: numfashi ya ce a ci gaba, gwiwa ta ce ba ta iyawa. Don haka masu koyar da gudu kan ce kada a ƙara fiye da kashi ɗaya cikin goma a mako. Wanda ya yi kilomita 20 duka-duka a wannan mako, mako mai zuwa ya tsaya a 22. Da haka, wata uku ko huɗu sun isa mai kilomita 10 ya shirya.

Sai zafi. A Yamai, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Mai gudu yana iya zubar da gumi lita ɗaya cikin awa ɗaya, ko fiye. Gumi ruwa ne da gishiri. In sun ragu ƙwarai, kai ya yi ciwo, jiri ya kama, mutum yana iya faɗuwa, wani ma ya rasa ransa. Mai hankali yakan fita kafin rana ta ɗaga, ya sha ruwa kafin ya fita da bayan ya dawo. In fitsarinsa ya yi ja, ruwan bai isa ba. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi daɗin shiri, sai dai ranar da hazo ya yi yawa gara a huta. Mai zazzaɓi kuwa ba ya gudu ko kaɗan, likita zai nufa. Da azumi ma a rage, a bari sai bayan shan ruwa.

Abinci ba sai na kanti ba. Gero da shinkafa da wake, dambu da zogale, fura da nono, duk suna ba da ƙarfi. Jiki yana ajiye wani irin sukari cikin nama da hanta. Wannan ajiya ce ke ƙarewa masu cikakken maraton wajen kilomita 30, sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse.

Amma a ganina, abin da ya fi zafi da ciwon gwiwa wuya ga magidanci shi ne lokaci. Shirin nan yana cin awa huɗu ko biyar kowane mako: gajeren gudu sau biyu ko uku, da dogo guda ɗaya ran Asabar ko Lahadi. Daga ina awoyin za su fito? Safiyar da ya sa wa dogon gudu, ita ce safiyar da ake raɗin suna a gidan maƙwabci. Ga ɗaurin aure, ga gaisuwar mutuwa, ga jariri da ya hana kowa barci. Wanda ya bar sunan ɗan maƙwabcinsa ya tafi gudu, unguwa ba za ta manta ba, kuma tana da gaskiya. Sai ya ɗaga gudun zuwa gobe. Rasa kwana ɗaya ba ya ɓata shirin wata uku.

Akwai kuma uwargida. Awa biyun da maigida yake bakin kogi, ita ce ke wa yara wanka, ta dama kunu, ta nemo takalmin da ya ɓace. In bai yi shawara da ita ba, ya ɗora mata kaya ne ya tafi shan iska. Wasu sukan ce: «Safiyar Lahadi tawa ce, da marece ni zan riƙe yaran ki huta.» Takalmin gudu ma kuɗi ne, ko da na gwanjo ne, kuma ba daga kuɗin cefane zai fito ba. Wasu sukan tafi da babban ɗansu, yana biye bisa keke da gorar ruwa. Wannan dabara ce mai kyau, uba ya samu ruwa, yaro ya samu ubansa.

Dogon gudu ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Abdu Manzo, ɗan Nijar, ya yi maraton a wasannin Olampik na birnin Seyul a 1988. A Disamba 2005, lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, an yi maraton a nan Yamai. Abebe Bikila na Habasha ya ci maraton na birnin Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Mata ma suna yi: tun 1984 suke da nasu maraton a Olampik.

Ku kuma, yara, ƙasusuwanku ba su gama girma ba. Kilomita 21 ba naku ba ne tukuna. Kewaye biyu ko uku na filin lakwal sun ishe ku, da safe, kuma ku sha ruwa.

Tambayoyi

1. Mutum yana cin kilomita ɗaya cikin minti 7. Awa nawa da minti nawa zai yi a kilomita 21?
2. Don me gwiwa ke ciwo alhali numfashi bai ƙare ba?
3. In babanku ya fita gudu da safe, wane aiki za ku iya ɗauke wa innarku?