Ƙara Girman Taya a kan Rim ɗin da Mota Ta Zo da Shi

Yawancin masu neman babbar taya ba kwalliya ce ta dame su ba, hanya ce. Mota ta ɗauki mutum biyar da kaya a but, ta hau tudun rage gudu ko ta faɗa rami, sai ka ji salansa ta gogi ƙasa. Daga nan mai ita ya nufi wurin masu taya ya ce a ba shi "wadda ta fi wannan tsayi". Sauya rim kuɗi ne mai yawa, shi ya sa tambayar da aka fi yi ita ce: wace taya ce mafi girma da za ta hau rim ɗin kamfani ba tare da ta jawo matsala ba?

Amsar tana rubuce a jikin tayar. Ɗauki lambar da ke kan Corolla da Peugeot 406 da yawa: 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 195. Ta biyu kuwa ba milimita ba ce, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda ta taɓa kwalta, kashi 65 ne cikin ɗari na faɗinta, wato kusan milimita 127. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikin tayar, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, kuma kusan duk ƙananan motoci ita suke hawa a yau. Ta ƙarshe girman rim ce, inci 15. Wannan ba ta taɓuwa. Tayar 16 ba ta zama a rim 15, ko da mai faci ya rantse zai iya cusa ta.

Saura lambobi biyu ke nan da za a iya wasa da su, kuma a ɗaure suke da juna. Tunda tsayin gefe kaso ne na faɗi, duk wanda ya ƙara faɗi ya bar lambar tsakiya yadda take, ya ƙara tsayi ko bai yi niyya ba. Tayar 195/65 R15, idan aka auna ta daga ƙasa zuwa sama, kusan milimita 635 ce. Ta 205/65 R15 kusan 648 ce, ta 215/65 R15 kuma kusan 661. Ita kuwa 205/60 R15, duk da ta fi ta asali faɗi, ta fi ta gajarta, domin 627 ce. Mutum zai iya biyan kuɗin taya mai faɗi, ya koma gida da mota da ta ƙara kusantar ƙasa.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, rabin ƙarin ne kawai yake ɗaga motar. Ɗaya rabin yana can sama, cikin madigadi. Wanda ya tashi daga 195/65 zuwa 205/65 ya ɗaga motarsa da kimanin milimita 6 da rabi, bai kai kaurin fensir ba. Wanda ya je 215/65 ya samu milimita 13. A hanyar da ake gogar ƙasa kaɗan-kaɗan wannan yana iya taimakawa, amma ba zai mai da Corolla ta zama Hilux ba. Sau da yawa ma laifin ba na taya ba ne: sifirin ne ya gaji, ko shokozoba ta mutu, ko lodin ne ya wuce kima. A duba waɗannan tukuna.

To me ake biya a madadin wannan ɗan tsayin? Na farko maleji zai fara ƙarya. Mota tana ƙidaya juyin taya ne, ba ta auna hanya. Tayar asali tana cin kusan mita 2 a kowane juyi. Ta 215/65 ta fi ta da kusan kashi 4 cikin ɗari. Allura tana nuna 100, motar tana gudun 104, kuma lissafin kilomitar da ake dogara da shi wajen juyen baƙin mai shi ma ya ragu. Sannan injin yana ƙara wahala wajen tashi, musamman ƙaramin inji da lodi a kan hawa, man da ake sha a cikin gari yakan ƙaru, birki kuma yana da ƙarin nauyin da zai tsayar. Saboda haka ne masu sana'ar suke da ƙa'idar cewa kada tsayin sabuwar taya ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Kamfanonin mota kansu haka suke yi. Corollar da ta zo da rim 16 takan hau 205/55 R16, tsayinta kusan milimita 632, wato daidai da ta rim 15 in ban da ɗan abin da ba a rasa ba.

Rim ma yana da nasa faɗin, an buga shi a jikin ƙarfen, galibi ta ciki. Za ka ga wani abu kamar 15×6J, ma'ana faɗinsa inci 6 ne. Irin wannan ya fi jin daɗin taya daga 185 zuwa 205. Idan aka matsa masa wadda ta yi masa faɗi da yawa, gefenta sai ya kumbura waje, tsakiyarta ta riga gefe cinyewa, motar kuma ta riƙa lilo a kwana. A ganina wanda hanyarsa gargada ce ya fi buƙatar tsayin gefe fiye da faɗi, domin gefen ne yake shanye dukan rami kafin ya isa rim.

Bayan girman akwai wata lamba da harafi, kamar 91H. Lambar 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, H kuma tana jure gudu har kilomita 210 a awa. Kada sabuwar ta gaza ta asali a nan, komai girmanta. A duba kuma shekarunta, musamman idan ta hannu ce: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikinta su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma tsohuwar roba a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu ba ruwanta da girma. Tayoyin gefe da gefe dole su zama girma ɗaya. A motar da ke ja da ƙafa huɗu kuwa, duka huɗun ne, in ba haka ba giya ce za ta ji jiki.

Kafin ka biya, buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Wani lokaci kamfani ya rubuta girma biyu, kuma na biyun shi ne abin da kake nema. In babu, matsa mataki ɗaya kawai, kamar daga 195/65 zuwa 205/65. Sa a ɗaura tayar a gaba, a sauke jak, a murɗe sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka zura hannu ka ji tazarar da ke tsakaninta da madigadi da kuma kwanon sifirin. Sannan a cika motar da mutane a hau tudu a hankali. Idan ka ji ƙarar goga ko sau ɗaya, a cire ta a mayar da girman asali.