Ɓarawon Ƙarfe Bakwai na Safe

A tsakiyar ƙasar Wales ta Birtaniya, a gundumar Powys, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Aberhosan, can cikin tuddai kusa da garin Machynlleth. Ba kowa ya san da zamansa ba sai a watan Satumba na 2020, lokacin da labarinsa ya karaɗe duniya. Wata 18 cur mutanen ƙauyen suka yi suna fama da wani abu mai ɗaure kai. Kullum garin Allah ya waye, da zarar ƙarfe 7 na safe ta yi, sai layin intanet ya fara shure-shure. A wani gida ya yanke, a wani ya koma tafiyar hawainiya. Babu fashi, sai ka ce an ɗaura masa agogo.

Suka kai kuka ga Openreach, kamfanin da ke kula da wayoyin tarho da na intanet a mafi yawan Birtaniya. Injiniyoyi suka zo suka gwada layi, na'ura ta ce lafiya lau. Suka tafi, kuka ya sake zuwa, suka dawo. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka ɗauki mataki mai tsada: suka cire dogayen sassan wayar da ke kai wa ƙauyen layi, suka sa sababbi. Ashe an rabu da Bukar ne an haifi Habu. Ƙarfe 7 na yi, ɓarawon ya dawo bakin aikinsa.

Labarin nan ya daɗe yana burge ni, domin ba a warware shi sai an koma ga tambayar da miliyoyin gidaje a Turai da Amurka suka yi wa kansu a farkon shekarun 2000, wato ta wace hanya za su jawo intanet mai sauri. Kafin lokacin, mai son shiga intanet daga gida sai kwamfutarsa ta buga lamba ta layin tarho, modem ya yi ta ƙugi da tsuwa kafin ya kama. Iyakar gudunsa kilobit 56 a daƙiƙa, wato hoto mai nauyin megabait ɗaya sai ya ci fiye da minti biyu yana sauka. Muddin kuma ana kan intanet, duk wanda ya kira gidan sai ya ji layi a toshe. Da mutane suka gaji, sai aka shimfiɗa musu hanyoyi uku: tauraron ɗan'adam, ko kebul ɗin talabijin, ko DSL mai bin tsohuwar wayar tarho. Kowace hanya da amfaninta, kowace kuma da abokin gabarta. Mai neman ɓarawo kan fara da waɗanda aka sani da halin, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda za a fara zargi shi ne ruwan sama, musamman a Wales da ba ta rabuwa da shi. Duk mai faranti a kan rufin gidansa ya san yadda hoton talabijin ke daskarewa idan hadari ya haɗu aka kece da ruwa. Haka intanet ɗin tauraron ɗan'adam yake, domin ɗigon ruwa na shanye siginar kafin ta iso. Yana da wani rauni kuma, wato nisa. Taurarin da aka saba amfani da su suna tsaye ne a kilomita 35,786 saman doron ƙasa. Tambayarka sai ta hau ta sauko, amsa ma ta hau ta sauko, tafiyar kilomita sama da 140,000, wadda ko a gudun haske tana cin kusan rabin daƙiƙa. Shi ya sa hira ta bidiyo a kansa takan zama kamar ana magana da mai nauyin ji. Darajarsa ita ce yana isa inda babu waya ko ɗaya. To amma layin Aberhosan ba daga sama yake zuwa ba, ta wayar tarho yake bi. Ko da an ce ruwa ne ke shiga mahaɗar wayoyi, ruwan sama bai san agogo ba. Na farko ya kuɓuta.

Na biyu shi ne cunkoso, kuma wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya, tunda ƙarfe 7 lokacin tashin jama'a ne. Cunkoso shi ne ciwon da aka fi sanin kebul da shi. Wayar kebul mai kauri ce, da zare ɗaya a tsakiya da rigar ƙarfe a kewaye, tana ɗaukar kaya da yawa ta yi nisa da su. Sai dai unguwa guda ke raba layi ɗaya, kamar gidajen da ke shan ruwa a bututu ɗaya. Da yamma, idan kowa ya dawo gida ya kunna fim, sai rabon kowa ya ragu. Ban da haka, kamfanoni ba sa jan kebul sai inda gidaje suka yi yawa, don haka ƙauyuka ba su cika ganinsa ba. Wannan zargi ma bai zauna ba. A tsarin DSL kowane gida da nasa tagwayen wayoyi. Cunkoso kuma a hankali yake taruwa kamar cikar kasuwa, ya fi tsanani da dare, ba ya faɗowa lokaci guda da sassafe.

Na uku shi ne nisa, sanannen abokin gabar DSL. Sigina na raunana yayin da take tafiya a wayar jan ƙarfe. Gidan da ke kusa da cibiyar tarho zai iya samun megabit 8 a tsohon samfurin ADSL, ko har 24 a wanda ya biyo baya. Gidan da ke nesa da kilomita biyar kuwa da ƙyar yake samun abin kirki. Ƙauye irin Aberhosan dole layinsa ya zama dogo, siginarsa mai rauni. Amma nisan da ke tsakanin gida da cibiya da tsakar dare shi ne dai nisan da ƙarfe 7. Nisa zai iya bayyana dalilin da ya sa layin ba shi da ƙarfin jure duka, bai faɗa mana wanda ke dukan ba.

Saura abu ɗaya a hannu, kuma tun farko yana gaban kowa: lokacin. Ruɓaɓɓiyar waya ba ta zaɓen sa'a, tsatsa ba ta da agogo, iska da ruwa suna zuwa ne yadda Allah Ya so. Abin da ke kiyaye lokaci haka kullum, ko dai mutum ne mai al'adar da ba ya saɓawa, ko na'urar da mutum ya saita. Ke nan laifin ba a jikin wayar yake ba. Wani abu ne daga waje ke shigowa cikinta, shi ya sa sabuwar waya ba ta yi magani ba, shi ya sa kuma duk gwajin da bai dace da lokacin ba zai ce lafiya lau.

Ta yaya abu zai shiga waya ba tare da ya taɓa ta ba? A nan masu sauraron rediyo sun fi kowa saurin ganewa. Wanda ya taɓa kama tasha a matsakaicin zango ya san yadda rediyo ke ƙara idan aka yi walƙiya, ko babur ya wuce, ko aka kunna wata fitila mai matsala. Kayan lantarki suna fitar da hayaniyar da kunne ba ya ji amma eriya na ɗauka. Dabarar DSL kuwa gaba ɗayanta a kan zango aka gina ta. Muryar mutum a tarho ba ta wuce kilohaz 3.4 ba, sai injiniyoyi suka lura cewa duk sararin da ke sama da haka a wayar zaune yake babu mai amfani da shi. Suka ɗora intanet a can, daga wajen kilohaz 25 zuwa megahaz 1.1, daga baya har 2.2. Da haka aka samu damar yin waya da shiga intanet a lokaci ɗaya. Sai dai wannan sarari ya haɗa da inda tashoshin matsakaicin zango suke. Doguwar wayar jan ƙarfe marar riga, wadda aka rataya a turaku, ba ta da maraba da eriya. Abin da ke sa rediyo ƙara, shi ma DSL yana jin sa.

Ba a bar wayar haka kawai babu kariya ba. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗe wayoyi biyu kamar igiya, domin hayaniyar da ta faɗa wa ɗaya ta faɗa wa ɗayar daidai wa daida, su kashe juna. Dabarar na aiki, amma tana da iyaka. Idan hayaniya mai ƙarfi ta faɗo farat ɗaya a kan sigina mai rauni, modem ɗin gida da na'urar cibiya sai su daina jin juna, layi ya yanke. Idan sun sake haɗuwa sukan rage gudu don gudun sake faɗuwa. Yankewa da nawa, daidai abin da mutanen Aberhosan ke kuka da shi ke nan. Injiniyoyin Birtaniya suna kiran irin wannan bugu guda mai ƙarfi da suna SHINE, kuma shi ne abin da ma'aikatan Openreach suka yanke shawarar nema a ƙarshe, bayan duk wata dabara ta ƙare.

Injiniyan yankin, Michael Jones, ya nemi taimakon wata tawaga ta musamman daga ofishin babban injiniyan kamfanin. Lokacin annobar korona ne, masauki ya yi wuya, har sai da tawagar ta kafa tanti a wani fili kusa da Llandrindod Wells, ta yi sammako zuwa ƙauyen. Ƙarfe 6 na safe ta same su suna kai da kawowa a cikin Aberhosan, ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, suna riƙe da na'urar da ke nuna duk wata sigina da ke yawo a iska da irin ƙarfinta. Wannan karon sun bar waya, sun koma sauraron iska, kuma sun riga ɓarawon zuwa.

Ƙarfe 7 na cika, na'urar ta nuna wata hayaniyar lantarki mai ƙarfi ta tashi a ƙauyen. Daga nan aiki ya zama bin sawu, domin sigina na ƙara ƙarfi idan ka matso tushenta, tana raguwa idan ka yi nisa. Suka bi ta har ƙofar wani gida. Abin da suka tarar a ciki shi ne wani tsohon akwatin talabijin na gwanjo, wanda mai gidan ke kunnawa kowace safiya da ƙarfe 7. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Mai gidan bai taɓa kawowa a ransa cewa kallonsa na safe ne ke hana maƙwabta sakat ba. Kunya ta kama shi, nan take ya yarda ya kashe akwatin, ya yi alkawarin ba zai sake kunna shi ba. Kamfanin ya sakaya sunansa, kuma hakan ya dace, domin rashin sani ne ba mugunta ba. A cewar kamfanin, daga ranar layin ƙauyen ya zauna lafiya.

Abin lura shi ne kebul mai rigar ƙarfe ya fi jure irin wannan hayaniya, faranti mai kallon sama ma ba ruwansa da ita sosai. Amma kebul bai cika zuwa ƙauye ba, tauraro kuma da ya sha wahala a ruwan Wales. DSL ne ya fi sauƙi ga irin wannan wuri saboda wayar tarho na nan tun da daɗewa, sai ga shi ya zo da raunin da ba a zata ba. Maganin dindindin shi ne faiba, zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, wanda hayaniyar lantarki ba ta iya shiga. Openreach ya sanar a lokacin cewa za a ja wa ƙauyen irin wannan layi.

Yau zaɓin ya sauya kama. Akwai faiba, akwai layin wayar hannu da akasarin mutanenmu suka dogara da shi, akwai kuma sababbin taurari irin na Starlink da ke shawagi a wajen kilomita 550 kacal, wanda ya rage jinkiri ƙwarai, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara samunsa a Janairun 2023. Duk da haka darasin Aberhosan bai tsufa ba. Kafin ka zuba kuɗinka, kada lambar gudun da aka rubuta a talla ta ruɗe ka. Tambayi abin da ya riga ya iso unguwarku, ka tambayi maƙwabcin da ke amfani da shi yadda yake yi masa da dare da kuma lokacin damina, ka san nisanka da cibiya ko eriyar kamfani.

Idan kuma layinka ya fara ba ka matsala, ɗauki takarda da biro kafin ka ɗauki waya. Rubuta ranar, rubuta lokacin, rubuta abin da aka kunna a gidan a daidai wannan sa'a, ko janareto ne, ko inbata, ko caja mai araha, ko injin jan ruwa. Bayan mako ɗaya ka duba abin da ke maimaita kansa, ka miƙa wa mai gyara. Mutanen Aberhosan sun yi wata 18 cikin wahala, an kashe kuɗi an sauya waya, amma safiya ɗaya ta isa a kama ɓarawon da aka tsaya jiran sa a lokacin da ya saba zuwa.