Abin da aka rubuta da sunanka a rajistar bashi: ka gan shi da idonka, kyauta

A da, idan mutum ya je neman bashi wajen attajirin unguwa, sai a aika yaro ya tambayi maƙwabta ko mutumin yana cika alkawari. Yau banki ba ya aiken yaro. Kwamfuta yake tambaya, ita kuwa tana ba da amsa cikin minti kaɗan, a bayan idon wanda ake magana a kansa.

A ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, ciki har da Nijar, Benin da Togo, akwai ofishin da aka ɗora wa tattara labarin bashi, wanda a faransanci ake kira Bureau d'Information sur le Crédit, ko BIC a taƙaice. Nijar ta yi dokarsa a ƙarshen 2014, kuma kamfanin da ya samu izinin wannan aiki, wanda yanzu ake kira Creditinfo West Africa, ya soma aiki a 2016, hedkwatarsa tana Abijan, babban banki BCEAO yana sa masa ido. Bankuna da asusun ajiya da ba da rance suna aika masa bayanin abokan hulɗarsu: nawa suka karɓa, nawa suka biya, wane wata suka makara. Doka ta ba da dama a haɗa har da bayanin kamfanonin ruwa, lantarki da tarho. Daga wannan tarihi ake fitar da maki, wato adadin da ke nuna wa banki ko mutum abin amincewa ne.

Mun sha jin masu cewa: "Mu ba ma cin bashin riba, ina ruwanmu da wannan?" Niyyarsu mai kyau ce, amma lissafin bai cika ba. Wanda ya sayi babur ko buhunan hatsi ta hanyar murabaha a bankin Musulunci, bashi ne a kansa, kuma ana rubuta shi kamar kowane. Haka ma'aikacin da ya taɓa karɓar wani abu a kan albashinsa kafin ƙarshen wata. Shi kansa rubuta bashi ba baƙo ba ne gare mu, tun da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Abin da ya canza shi ne marubucin yanzu yana nesa, kuma ba ya karanta wa mai bashi abin da ya rubuta sai an nema.

To, doka ta ba mu ikon nema. Kowane mutum yana da haƙƙin karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara. Sunan takardar a faransanci rapport de crédit, kuma da wannan suna ya kamata a tambaye ta. Mutum ya ɗauki katin shaidarsa na ɗan ƙasa ko fasfo, ya rubuta buƙata zuwa wakilin BIC na ƙasarsa. Wanda yake Tawa ko Damagaram, ya tambayi bankinsa ko asusunsa hanyar isar da buƙatar. Duba rahoton kanka ba ya rage maka maki. Kada kuma a miƙa ko dala ga wani ɗan tsakani da ya yi alkawarin "wanke suna": bayanin da yake gaskiya ba mai goge shi da kuɗi, wanda yake kuskure kuwa gyaransa haƙƙi ne.

Kuskuren nan shi ya sa muka ɗauki alƙalami. A ce malamin lakwal ya gama biyan bashin babur shekara biyu da suka wuce, amma wanda ke shigar da bayani bai rufe lissafin ba. Malam bai sani ba, har ranar da ruwan damina ya kayar da katangar gidansa, ya je neman abin gyara, aka ce masa takardarsa ba ta wuce ba. Ga kuma matsalar suna. A garuruwanmu masu suna iri ɗaya, da sunan uba iri ɗaya, ba su ƙirguwa, kuma da yawa cikinmu takardun haihuwarmu shekara kawai suka nuna, babu rana babu wata. Bashin wani yana iya sauka a kan wani cikin sauƙi.

Saboda haka idan rahoton ya zo hannu, a zauna a karanta shi da natsuwa, ko a ba ɗa ko ƙane mai faransanci ya karanta. A fara da suna da ranar haihuwa da lambar kati. Sannan a bi bashin ɗaya bayan ɗaya, a gwada da rasit ɗin da ke gida. Wanda ya taɓa tsaya wa ɗan'uwa ko aboki lamuni ya ƙara lura, domin sau da yawa mai lamuni shi ne na ƙarshen jin cewa an daina biya. In an ga abin da ba daidai ba, a rubuta ƙorafi zuwa BIC da bankin da ya aika bayanin, a haɗa kwafin shaidar biya, a riƙe ta asali. Makarar da ta tabbata kuwa sai haƙuri da gyaran hali, domin bayanin yakan bi mutum har shekara 5.

Wani abin takaici a ganinmu: uwar gida da ta yi shekara 20 tana zubin adashe ba ta taɓa fashi ba, ko ɗan tireda da yake biyan dillalinsa duk ranar kasuwa, babu ko layi ɗaya na amanarsu a wannan rajista. A idon kwamfuta ba su da tarihi.

Ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Ƙonni masu asusu a bankunan Najeriya su sani cewa can ma dokar 2017 ta ba da rahoto ɗaya kyauta a shekara, daga CRC Credit Bureau, FirstCentral ko CreditRegistry. Ƴaƴanmu da ke Amurka suna iya duba nasu kyauta kowane mako a AnnualCreditReport.com, sai dai rahoton ba ya zuwa da makin; shi yawanci bankin mutum ko kamfanin katinsa ke nuna shi ba tare da caji ba. Faransa kuwa ba ta da irin wannan maki na ƙasa. Abin da take da shi rajistar waɗanda suka kasa biya ce, mai suna FICP, a hannun Banque de France, kuma kowa yana iya tambaya kyauta ko sunansa yana ciki, da katin shaidarsa a hannu.