Porsche Carrera GT: Motar da Paul Walker ya rasu a cikinta, da abin da ya sa take da wuyar sarrafawa

Duk wanda ya kalli Furious 7 ya san ƙarshensa, inda aka yi bankwana da Paul Walker, waƙar "See You Again" ta Wiz Khalifa da Charlie Puth tana tashi. Amma na lura a hirar majalisa, daga Birnin Kudu har Gwaram, da yawa sun ɗauka wajen ɗaukar fim ya mutu. Ba haka ba ne. A titin gari ya rasu, kuma ba shi ke tuƙi ba. Yau zan yi muku bayanin motar kanta, yadda aka ƙera ta, da abin da masu bincike suka gano.

Wace mota ce?

Sunanta Porsche Carrera GT, ƙirar Jamus. A garin Leipzig aka riƙa haɗa ta, aka rufe a 2006 bayan an yi guda 1,270 kacal. Kuɗinta a lokacin ya kai wajen dala 440,000. Kujera biyu gare ta, kuma buɗaɗɗen sama ce: rufinta falle biyu ne marasa nauyi, da hannu ake cire su a ajiye a but ɗin gaba. Eh, a gaba but ɗinta yake, domin injin yana bayan direba.

Injin tsere a motar titi

Tun asali ba don motar gida aka zana injin nan ba. Don tseren Formula 1 aka fara shi a farkon shekarun 1990, daga baya aka gyara shi don tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, shi ma aka fasa. Maimakon a bar shi ya yi ƙura, sai aka saka shi a wannan motar.

Silinda 10 gare shi, an jera su biyar-biyar kamar harafin V, girmansa lita 5.7, kuma babu turbo. Ƙarfinsa doki 612. Don ku gane, Golf 3 mai injin 1.8 ɗin nan da ke lodin fasinja a tashoshinmu, dokinta tsakanin 75 ne zuwa 90. Wato ka tara Golf bakwai kafin ka kamo ta. Ga shi nauyinta kilo 1,380 ne kawai. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, daƙiƙa 3.9 take yi, ƙarshen malejinta kuma kilomita 330.

Matsalar cire rufi

Ku ɗauki kwalin taliya da aka rufe, ku gwada murɗa shi. Zai yi tauri. Ku yanke samansa ku sake gwadawa, nan da nan zai lanƙwashe. Haka mota take, rufi yana cikin abin da ke riƙe bodi. Shi ya sa galibin motoci masu buɗaɗɗen sama ake ƙara musu ƙarafa a ƙasa, sai su fi 'yan uwansu masu rufi nauyi.

Porsche sun bi wata hanyar. Sun ƙera wurin zaman mutane kamar kwami guda ɗaya da kabon faiba, wani zare ne da ake saƙawa a haɗa da gam a gasa, ya fi ƙarfe sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, ga tauri. Har abin da ke riƙe injin da shi aka yi. Don haka ko da rufi ko babu, jikin motar ba ya murɗewa.

Sauran kayan ma na tsere ne. Faifan birkinta na seramik ne mai jure zafi. Kulocinta ƙarami ne ƙwarai, domin a samu a sauke injin ƙasa-ƙasa, motar ta zauna daram a kwana. A baya akwai fiffike da ke tashi da kansa idan gudu ya kai kilomita 120, iska ta riƙa danna tayoyin baya a kwalta. Giyarta ta hannu ce, guda shida, kan sandar giyar kuma na katako.

Abin da ba a saka mata ba

A nan maganar take. Motocin zamani suna da wata na'ura mai lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar ta nufa. Idan bayan mota ya fara zamewa, sai kwamfuta ta kama birkin taya ɗaya ta dawo da ita hanya, tun kafin direba ya ankara. Carrera GT tana da ABS, tana da na'urar hana taya juyawa a banza, amma waccan ta daidaita zamewa babu ita.

To ku haɗa lissafin: doki 612 duk a tayoyin baya, inji a tsakiya wanda ke sa mota ta juya da sauri kamar katantanwa, sannan babu mai ceto. Idan ta ƙwace, daga kai sai hannunka.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2013

A garin Santa Clarita na jihar Kalifoniya a Amurka abin ya faru. Paul Walker, mai shekara 40, ya fito daga taron tara gudummawa na ƙungiyarsa ta agaji, Reach Out Worldwide, don waɗanda guguwa ta shafa a Filifin. Abokinsa Roger Rodas, wanda ɗan tseren mota ne, shi ke tuƙa jar Carrera GT ƙirar 2005. Motar ta ƙwace, ta daki turken fitila da itatuwa, ta kama da wuta. Dukansu biyu suka rasu. Da taimakon ƙannensa Caleb da Cody aka ƙarasa fim ɗin, ya fito a 2015.

Rahoton masu bincike ya fito a Maris 2014. Ba giya, ba ƙwaya, ba kuma wata lalacewa a motar da ta jawo hatsarin. Gudu ne: tsakanin kilomita 130 zuwa 150, a titin da doka ta ce 72. Sannan an gano cewa tayoyin da ke jikinta, aƙalla biyu, sun haura shekara tara.

Darasin da ya shafe mu

Wani zai ce, Malam, ina ruwanmu, wa zai kawo wannan motar Gwaram? Gaskiya ne, tsakanin cikinta da ƙasa bai kai santimita 10 ba, tudun rage gudu na farko zai tsayar da ita. Amma abubuwa biyun nan, gudu da tsohuwar taya, kullum muna tare da su.

Komai ƙarfin inji, abin da ke taɓa kwalta wuri huɗu ne, kowanne bai wuce tafin hannu sosai ba. Roba kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tana bushewa ta yi tauri, ta daina kama titi, alhali zanenta yana nan kamar sabuwa. Motocin alfarma sun fi faɗawa wannan tarkon saboda a ajiye suke wuni. Mu kuma namu tarkon taya 'yar gwanjo ce, a shafe ta da baƙi ta yi sheƙi, ga zafin kwaltar watan Afrilu.

Duba shekarunta ba wuya. A gefen taya ku nemi rubutun DOT, ku bi shi zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka yi ta. Kafin mai faci ya ɗaura maka, sunkuya ka karanta da kanka.

Shi kuma gudu, lissafinsa ba ɗaya da ɗaya ba ne. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Ku tuna da wannan ranar rakiyar amarya, lokacin da samari ke rige-rige a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, hanyar da ke da babura, da shanu masu tsallakawa, da yara 'yan talla a bakin titi.

Abin da muke gani a fim, titi ake rufewa, ƙwararru ke tuƙi, motar asibiti na tsaye, sauran kuma aikin kwamfuta ne. Rodas ƙwararre ne, motarsa tana cikin waɗanda suka fi kowacce birki a zamaninta, duk da haka ba ta tsaya ba. Balle Golf mai mutum tara da tayar 2015.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya.