Jijiyoyin da Ke Aiki Ba Tare da Umarni Ba

A jikin ɗan Adam akwai rukunin jijiyoyi masu tafiyar da ayyukan da mutum ba ya sa musu hannu: bugun zuciya, gudanar jini, narkar da abinci, fitar da gumi da riƙe fitsari. Rassa biyu ne. Ɗaya yana zaburar da jiki lokacin tsoro ko gudu, ɗayan yana kwantar da shi bayan an ci an ƙoshi.

Ciwon suga ne kan gaba wajen lalata su. Sugan da ya shekara yana hawa yakan cinye ƙananan jijiyoyi a ɓoye. Sai mutum ya miƙe daga tabarma jiri ya kwashe shi, domin jijiyoyin sun kasa tura jini zuwa kai da sauri. Wani loma kaɗan ke cika masa ciki har da amai, wani ƙafarsa ta daina gumi, faso ya tsage ya zama gyambo. Namiji kan rasa kuzari, kunya ta kai shi wurin mai maganin maza, alhali suga ne tushen. Mafi haɗari shi ne wanda sugansa ke faɗuwa ba karkarwa ba gumi, har ya suma, abin da ya fi barazana ga mai azumi a zafin Maris da Afrilu na Bauchi. Cutar Parkinson da yawan shan giya su ma suna jawo lalurar. Gubar fiya-fiya kuwa farat ɗaya take rikita jijiyoyin, yawu da gumi su yi ta zuba, zuciya ta rage bugu.

Gwajin farko ba shi da tsada, kuma bai kamata a riƙa tsallake shi ba. A auna hawan jinin majiyyaci yana kwance, a sake bayan ya tsaya. Idan cikin minti 3 lambar sama ta ragu da 20 ko ta ƙasa da 10, akwai matsala. Ƙaramin asibitin unguwa zai iya wannan, sannan ya tura mai larurar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Jijiyar da ta lalace da wuya ta dawo. Abin da likita ke yi shi ne daidaita suga, duba magungunan hawan jini da ka iya ƙara jirin, da umartar majiyyaci ya yawaita shan ruwa, ya zauna a bakin gado kafin ya miƙe, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan.